Awaki Talatin Da Tara

Alhaji Na'Allah fataucin awaki yake yi a Mile 3 ta Fatakwal, kuma kowa a zango ya san hannunsa ba ya buɗewa. Awakinsa sun haura ɗari, masu otal da masu farfesu kullum suna bakin garkensa, amma in ka ambaci zakka sai ya haɗe rai kamar ka zagi mahaifinsa.

Da shekara ta zagayo, Liman Abdulmuhaimin ya tare shi bayan La'asar. Ya tuna masa nisabin awaki arba'in ne, kuma daga arba'in har ɗari da ashirin akuya ɗaya tak ake fitarwa. Ya ce akwai wata Barira a unguwar Borokiri, mijinta mahauci ya rasu ya bar ta da marayu, ga mai gidan haya yana shirin watso mata kaya waje.

"Ni na kashe mata miji?" in ji Na'Allah. "Malam, kun zauna a kan buzu kuna ƙirga dukiyar mutane. Ni ban kai nisabi ba."

Liman ya ce ai garken a fili yake. Maganar ta ci wa Na'Allah rai, ya rantse sai ya rufe bakin malamin nan.

Ya nemo Gimba, ƙanin matarsa, wanda ke kai dabbobi Anaca. Suka shirya Alhaji zai ware talatin da tara ya riƙe, sauran ya ce ya ba Gimba kyauta, in wata ya wuce a maido masa abinsa. Gimba ya amsa da "to" ba tare da ya ɗaga ido ba. Shekaru yana yi wa Alhaji wahala, ladarsa zagi da gori.

Ranar Juma'a, a ƙofar masallaci, Na'Allah ya ɗaga murya don Liman ya ji. "Jama'a, ku shaida, na ba Gimba awakin nan halak malak." Aka shaida. Ya koma gida yana jin ya fi kowa wayo.

Wata ya wuce, ba Gimba ba awaki. Da ƙyar Alhaji ya same shi a waya.

"Waɗanne awaki, Alhaji? Nawa da ka ba ni a gaban mutane? Na sayar tuni." Ya kashe wayar.

Na'Allah ya garzaya wajen Sarkin Hausawa yana kumfar baki, yana kiran Gimba ɓarawo, maci amana. Aka kira shaidu, kowa ya maimaita abin da kunnensa ya ji. Sarki ya ce kyautar da aka riga aka karɓa ba a ƙwace ta, sai dai in akwai wata magana a ƙasa.

Nan Na'Allah ya shiga tsaka mai wuya. In ya yi shiru, dukiya ta tafi. In ya yi magana, ya tona kansa. Son dukiya ya rinjaye shi, ya faɗa da bakinsa cewa ba kyauta ba ce, gudun zakka ya yi.

Zauren ya ɗauki salati. Ba wanda ya tausaya masa, ba kuma wanda ya yarda ya bi shi Anaca neman Gimba. Masu otal suka koma wani garken, domin nasa ba ya isar su. A satin ne aka watso wa Barira kaya cikin ruwan sama, kowa kuma ya san wanda ya hana ta zakka.

Yana fita daga zauren, Liman ya tsayar da shi. "Alhaji, wanda ya gudu wa zakka ba ta faɗuwa daga kansa. Akuyar nan ɗaya har yanzu tana wuyanka."

Mai karatu, nisabi iyaka ce da Allah Ya sanya don sauƙaƙa wa marar hali, ba ƙofar tsira ba ce ga mai rowa. In dukiyarka ta kai, ka fitar da haƙƙin talaka, domin Wanda ya ba ka ya san adadinta.