Masu Kallon Mushe

Ranar da mutum dubu tara suka leƙa shafinsa na intanet, ba irin gero suka zo saye ba. Shekara biyu yana tallar iri mai saurin nuna daga rumfarsa a kasuwar Sabon Birni, ba mai leƙowa sai surukinsa. Don haushi ya ɗora hoton saniyarsa wadda fari ya kashe. Sai ga duniya ta taru, kamfanin talla ya fara biyansa gwargwadon yawan masu kallo.

Daga nan ya shiga bin ƙauyuka a babur, har Kamarawa, yana farautar mushe da busassun rijiyoyi. Tukunyar gidansa ta koma hawa murhu sau biyu a rana.

Da liman ya fitar da gari roƙon ruwa, mai tallar irin shi ma ya juya rigarsa baibai kamar kowa. Ana cikin addu'a hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin.

Tsohon da ke gefensa ya zungure shi. "Malam, mi yak kama bakinka? Ka ce amin mana!"

Ya dubi hadarin, ya buɗe baki da niyyar alheri, sai tsaki ya riga amin fitowa.