Badam Bakwai

"Kaifin ƙwaƙwalwa sai ɗa namiji, shi ma sai da gyaɗar badam," in ji Mista Tiwari. Kullum ana jiƙa wa ɗansa Nirmal guda bakwai, 'yarsa Kusum kuwa shayi ya ishe ta.

Da aka yi jarrabawar shiga makarantar injiniyoyi, Kusum ta ci, Nirmal ya faɗi.

"Baba, ni fa ban taɓa cin badam ɗin ba," in ji Nirmal. "Ita nake miƙa wa ta ƙarƙashin tebur."

"Ba na faɗa ba!" in ji Mista Tiwari. "Ke, tunda kin cinye ƙwaƙwalwar yayanki, zauna bana ki koya masa."

Kusum ta ninke takardar gurbin karatunta, ta dubi karen gidan, wanda ya shekara uku yana cin badam bakwai kullum a ƙarƙashin tebur.