Gaisuwar Daƙiƙa Uku

Tun da aka rage siginar gwajin da wayoyi ke aikawa don auna hanya, sai aka ce gaisuwa ma cin wuri take yi a layin waya. Yanzu wayarka ke gaisawa a madadinka, da muryarka, cikin daƙiƙa uku.

Ranar Talata Inna Tasalla ta dire wayarta a teburin ofishin sadarwa.

"A cire mini wannan abin."

"Inna, ai sauƙi aka yi muku," in ji Sabi'u ma'aikaci. "Kowa ya san amsar, lafiya lau. Don me za a aika abin da aka sani?"

"Daga yadda 'yata Hansatu ta ja 'lafiya lau' nake gane ko ta yi kuka. Wata biyu wayarta tana ce mini lafiya lau da muryarta, ashe yarinya tana asibiti."

"Doka ce, Inna. Kika gaisa da bakinki, layi zai yanke."

Ta kira Hansatu a gabansa. "Kin tashi lafiya? Ya jikin?" Layi ya yanke. Ta sake kira. "Ya yaran?" Ya yanke.

Ta jawo kujera ta gyara zama.

"Saura in tambayi lafiyar maigidanta da surukarta," ta ce. "Ba sauri nake ba."