Ɗumin Iya Tabawa

Tun da aka hana sare itace, takarda ɗaya ake ba kowane gida a shekara. Iya Tabawa ta kai tata wurin maƙwabciyarta Hansatu, mai shafa wa takardu farar ƙasa da ƙaro, don a buga hoton marigayi mijinta a kai.

Ranar kasuwa suka tafi rumfar Malam Sidi, domin ba a buga komai sai ya duba. Ya ɗora takardar ƙarƙashin fitilarsa wadda ido ba ya ganin haskenta.

"Zafi ya yi mata yawa," in ji shi. "Ya janyo ƙaron sama, ƙasan ya zama gari. Fuskar za ta fito, amma kafin damina za ta zube."

Hansatu ta san dalili. A inuwa ake shanya takarda. Ita kuwa a kan kwanon rufi ta baza ta da tsakar rana, don kada ta makara gidan biki. Ta buɗe baki, amma tsohuwar ta riga ta.

"Laifina ne, Malam. Tun da aka kawo mini ita, a ƙirjina nake kwana da ita. Ashe ɗumina ne ya ɓata ta."

Malam Sidi ya dubi Hansatu.

A hanya Iya Tabawa ta riƙo hannunta. "Ki yafe mini, 'yar nan, na lalata miki aiki. Baɗi ma ke zan kawo wa, in da rai."