Jumma'ar Djougou

Usaini mai taksi ya fara ba ni labarin nan. Rubuta yadda na ji shi.

Adnan soja ne a ƙasar waje, shi ake zurawa da igiya daga helikwafta ya ɗauko waɗanda suka maƙale. Shekara uku budurwarsa Mubaraka na jiransa a unguwar Zongo. Ran nan yana gida hutu, ya zo ƙofar gidansu, ya kasa kallonta.

"Jibi zan koma."

"To tura manyanka garin Djougou wurin kawuna ran Jumma'a su tambayi aurena. Ai ba sai kana nan ba."

"Ban so a ba ni ke ina can a rataye jikin igiya, rai a hannun Allah."

Ta ce, "Na gaji, Adnan. In Jumma'a ta wuce, kar ka dawo ƙofar nan."

Goron tambayar na nan ɗakin yayansa, ana yayyafa masa ruwa. Jumma'a ta wuce, ba a kai ba.