Ranar Ƙona Tsofaffin Fayiloli

Tun ƙarfe bakwai Uwar Fayil take tsaye a bayan ofishin ƙaramar hukuma, cikin sabon leshi, tana nuna wa masu shara inda za su kafa duron ƙona takardu. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya, shugabar ɗakin ajiyar takardu guda, sai ga ta tana tafiya kamar ana yi mata kiɗa. Har lemo ta saya wa kowa, ita da ko biro ba ta ba da aro.

Dalilin murnar yana kwance cikin wani tsohon fayil na ƙorafe-ƙorafe. Tana sabuwar ma'aikaciya ta rubuta wa shugaba takarda shafi uku, tana neman a kori wani akawun sashen ayyuka. Ta kira shi malalaci, mai baki kamar reza, ta ƙara da cewa duk macen da ta aure shi ta shiga uku. Shugaba bai ko duba ba, aka cusa takardar a fayil. Bayan shekara biyu ita ce ta auri akawun. 'Ya'ya biyar suka haifa, ga jika, kuma ba ta taɓa gaya masa ba. Tana son mutumin nan, kuma ta tabbata ranar da ya karanta, ranar za ta nemi ramin shiga.

Dokar ajiya kuwa ba ta da wasa. Irin wannan fayil sai ya cika shekara ashirin da biyar ba a karɓe shi aro ba kafin a ƙone shi. Duk wanda ya karɓa zai sa hannu a katin da ke cikin bango, lissafi ya koma farko. Don haka ko ƙura ba ta kaɗe masa, ko kallon wannan kantar ba ta yi. Hutun shekara ma ba ta son ɗauka, sai baban yara ya matsa mata, ya kai ta tasha da kansa.

Yau wa'adi ya cika. Odita, jami'in binciken da zai tantance fayilolin, ya zauna kan benci, yana buɗe kowane fayil, ya duba kati, ya miƙa a jefa wuta. Ita kuwa bakinta ya ƙi rufuwa. Ta yi wa mai gadi wasa, ta yaba wa Odita hularsa har sau biyu, duk fayil ɗin da ya kama wuta sai ta ce masa Allah ya kiyaye hanya. Saura uku. Saura ɗaya. Ga shi nan a hannun Odita, bangonsa ya koɗe.

Odita ya buɗe, ya gyara tabarau, ya yi dariya.

"Hajiya, wannan kam ba yau ba. Ko bara an karɓe shi. Ban taɓa ganin fayil mai farin jini haka ba."

Ta ce ba ya yiwuwa, ta fizge katin. Layi ashirin da uku ne reras, shekara bayan shekara, kowanne a watan hutunta, kuma duka sa hannun baban yara ne.