Ɗan Huji Tsakanin Kwami Biyu

Nafi'u, rufe kwamfutar nan tukuna ka saurare ni. Na ji abin da kake nema. Gobe kake son ɗora sabuwar manhajarka a kan babbar kwamfutar asibiti, ka ga tana jan ƙafa, shi ne kake so in buɗe mata hanya ta riƙa ɗiba kai tsaye daga ma'ajiyar manhajar da ke kula da jinin da ake ƙara wa marasa lafiya. Ka san tsarin da muke ɗora manhajoji a kansa shi yake ɗauke musu wahala. Shi yake yanka wa kowace wurinta a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya share abin da ta gama aiki da shi, in ta rikice ya tsayar da ita ita kaɗai, sauran su ci gaba. Amma fa yana iya haka ne domin kowace tana ɗakinta a rufe. Bari in ba ka misali.

An yi wani mutum a bayan gari mai gidan kiwon tarwaɗa. Kifin ba nasa ba ne. Shi dai ya gina kwami-kwami na siminti a jere, ya haƙa rijiyar burtsatse, mutane suna kawo 'ya'yan kifinsu da buhunan abincinsu yana riƙe musu. Shi ke sauya ruwa, shi ke kwashe dattin da ya kwanta a ƙasa, shi ke zuba abinci a kan lokaci. Dokarsa ɗaya ce: kowane kwami da bututunsa, da komarsa, da bokitinsa, ba a aro. Ana nan sai wani surukinsa ya kawo 'ya'yan kifi daga nesa, a cikin jarkoki, sun sha rana a mota. Kwamin da ya rage a ƙarshen layi yake, inda ruwa ke zuwa a tsiyaye, kusa da na wata bazawara wadda kifinta ya kusa isa kamu, har ta yi alkawari da masu bandar kifi. Surukin ya ga ruwansa bai kai gwiwa ba, na matar kuwa ya cika yana tumbatsa. Ya ce a ɗan huda bangon da ke tsakani, kamar kaurin yatsa, a sa raga, kifi ba zai wuce ba, ruwa kaɗai. Mai gida ya san ba daidai ba ne, amma kunyar suruki ta fi ƙarfinsa. Ya ɗauko ƙusa da guduma ya huda.

Ba a jima ba, wata safiya ya leƙa kwamin surukin ya tarar da ƙananan kifin sun tsaya a tsaye a saman ruwa, baki sama, jikinsu da fari-fari kamar an barbaɗa gari. Abincin jiya yana nan yana yawo, ba wanda ya taɓa. Ya yagi gefen rigarsa ya cusa a hujin, ya kwaɓa siminti ya liƙe. Daga ranar bai ƙara cin abinci da daɗi ba. Ya wuni yana bin kwami ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna ya zura wa ruwa ido, ya watsa abinci ya ga ko za su taso. In tarwaɗa ɗaya ta yi jinkiri sai zufa ta karyo masa. Masu kifi suna zuwa gaishe shi, yana amsawa ba ya iya haɗa ido da su. Sauran kwamin duk suka tsira, domin ba abin da ya haɗa su da ruwan nan. Na bazawarar kuwa, da fari kamar ba komai, har mai gida ya fara sa rai. Sai manyan suka daina cin abinci. Sai ɗaya ta juya ciki sama, washegari aka kwashe cikin kwando, kafin mako ya zagayo wari ya hana kowa tsayawa a wurin. Da matar ta zo, ta daɗe tsaye a bakin kwamin da mayafinta a hanci. Ta ga sabon siminti a jikin bango, ta sa yatsa ta taɓa shi, sannan ta ce, "Malam, ai kai ka ce mini ruwana ba ya haɗuwa da na kowa." Ko kifi ɗaya bai ƙetare ragar ba, ruwan ne ya kai mata cutar.

To, ban ce manhajarka tana da cuta ba, Nafi'u. Surukin nan ma bai san kifinsa na da ita ba. Ka haɗa ta da duk abin da take buƙata a ƙunshi ɗaya, mu ɗora ta a ɗakinta, mu gwada ta a can, in tana son wani bayani ta tambaya ta ƙofar da aka tanada, ko da za ta ɗan jira. Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.